Hannun Iya

Kakata Iya daddawa take yi, warinta ba ya barin hannunta. Ina 'yar shekara takwas ta kai ni wani shagon atamfa a garin Kunci, za ta saya min kayan Sallah.

Mun tarar mai shagon yana tarairayar wata Hajiya: "Ya hanya? Ya yara? A kawo wa Hajiya ruwa!" Iya ta yi sallama, ta tambaye shi kasuwa da iyali. Ko kai bai ɗago ba. Sai ta shafa wata shuɗiya, ta ce, "Wannan za ta yi wa jikata kyau."

Mai shagon ya ce, "Ke tsohuwa, ɗauke hannunki! Wa zai sayi atamfa mai warin daddawa?"

Hajiya ta toshe hanci tana dariya. Iya ta cusa hannun cikin mayafi, ta ce, "Yi haƙuri, ɗana."

Da za mu tsallaka titi ta miƙo min hannu. Na ɓoye nawa a baya, na ce, "Wari yake."

Ba ta ƙara miƙo min shi ba har ta rasu. Yau duk sanda na jefa daddawa a miya, sai na roƙa mata rahama, ni kuma gafara.