Motar da Ta Dawo Wayam

Motar ƙarshe ta shigo sito da baya, matar da ta gaji siton kuwa tana tsaye tana jira, wakilin maɗaba'a na gefenta.

Kakanta da baro ya fara, yana tarar jiragen ruwan Ingila a tashar Melbourne, yana rarraba wa masu shaguna mujallu. Zamanin ubanta sai da motocinsu suka cika titi. Yau maɗaba'a ɗaya ta rage musu, ita ma da sharaɗi: in aka yi kwantai bana, an rabu.

Dokar gidan tun zamanin kakan ita ce, mujallar da ba ta sayu ba, mai shago ya yage bangonta ya aiko a matsayin shaidar kwantai. Buhunan bangon nan take jira.

Direban, wani dattijo, ya buɗe bayan motar. Ko buhu ɗaya babu.

"Duk an saye ke nan?" in ji wakilin, ya miƙo mata hannu yana dariya. "Ashe da sauran ranku."

Ta kama hannun, ta waiga wajen direban. "Baba, ka ji fa. Yau ni zan sayi shayi."

Direban ya cire hula, ya matso daidai kunnenta.

"'Yar nan, babu wanda ya rage da zai yage bango. Shagunan duk an rufe. Ɗaurin mujallun da na ajiye wancan zuwan yana nan bakin ƙofa, ko igiyar ba a yanke ba."

Wakilin bai saki hannunta ba tukuna.