Ruwan Ƙarfe Shida

Ƙarfe shida daidai ruwa ya fara zuba a bayan katanga. Inna Tela ta yi hamdala, ta ɗora ƙafa a kan keken ɗinkinta.

Shekara huɗu ke nan wannan ƙarar ce gaisuwarta da maƙwabcinta, tsohon da kowa ke kira Baba Direba. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan. Ƙafa ta ƙi, kunne ya yi nauyi, amma taurin kan yana nan yadda Allah ya yi shi. Ba ya ɗaga waya, ba ya son mai aiki. Sau ɗaya Inna Tela ta taɓa buga masa ƙofa don ta duba lafiyarsa, ya leƙo yana huci.

"Ce miki aka yi na mutu? Ki bar min ƙofa ta huta. Kullum da safe ina ba furannina ruwa. Ranar da ba ki ji ruwa ba, ki kira maza su fasa."

A haka suka ƙulla. Furannin na marigayiyar ne, 'yan gata ne kuma, kwana biyu babu ruwa sai su langwaɓe. Duk ƙarshen mako 'yarsa Auta, wadda aiki ya kai ta nesa, takan kira Inna Tela ta ce, "Inna, ya Baba?" Ita kuma ta ce garau yake. Auta ba ta taɓa tambayar yadda aka yi ta sani ba, Inna ma bai taɓa zuwa mata a rai ta faɗa ba.

Sai aka yi wa ƙanwar Inna tiyata, dole ta tafi jinya mako biyu. Auta ta ce ta tafi hankali kwance, za ta ɗauki hutu ta zo, dama akwai aikin da take so a yi a gidan.

Ranar da Inna ta dawo, Auta ta kwana ɗaya da komawa. Inna ta taka kujera ta leƙa ta kan katanga, sai da ta riƙe baki. An kwashe ciyawar kaf, an shimfiɗa tsakuwa. An dasa wasu gajerun tsirrai masu kaurin ganye, ga ƙaton tanki a ƙarƙashin indararo. Furannin marigayiya guda uku kawai aka bari a gindin taga. Ta yi dariya ita kaɗai, wato tsoho ya shigo zamani.

Washegari ruwa ya zo. Ƙarar ta ɗan yi laushi, babu ƙwaram-ƙwaram ɗin bokiti, ta ce Auta ta saya masa sabon tiyo. Abin da ya fi burge ta shi ne lokaci. Da can yakan makara, wani sa'in har shida da rabi, ta zauna zuciya na dukan uku-uku. Yanzu kuwa agogon bangonta na cika shida ruwa zai fara. Tarin nan nasa na asuba ma ya ɗauke, ta sa wa Auta albarka a kan maganin da ta kawo.

Rediyonsa ne ya dame ta. Kwana uku yana surutu ba dare ba rana, har ta yi niyyar jefa masa magana ta kan katanga, sai kuma ya yi shiru da kansa. Ta ce gara haka.

A kwana na biyar wari ya fara shigowa ta tagar ɗakin ɗinki. Ta san warin taki, duk mai sabon lambu sai ya zuba, amma wannan ya wuce misali. Ya kama yadin mutane, ya tara ƙudaje. Ta rufe taga, ta kunna turare, ta yi ta mita a kan 'yan zamani da takinsu. Da abin ya ishe ta, ta yafa mayafi ta je har ƙofarsa, ta ɗaga hannu. Sai ta tuna fuskar nan da hucin nan, ta ji ba za ta iya shan wulaƙanci sau biyu ba. Ta ce bari ta ga safiya.

Safiya ta yi, ruwa ya zo. Auta ta kira ranar, ta sake kira bayan mako guda, duka biyun Inna ta ce mata garau yake, lambu sai sheƙi.

Da hantsin kwana na goma sha huɗu wani mutum mai takalmin roba ya yi mata sallama. Ya ce shi ne mai lambun da ya yi aikin, ya zo duba tsirrai, ya yi ta buga ƙofa ba a amsa ba.

"Kunne ne," in ji Inna. "Yana ciki, ɗazu ya gama ba su ruwa."

Mutumin ya yi murmushin mai alfahari da aikinsa.

"Ai Baba ya huta da wannan wahalar, Inna. Akwai ɗan agogo mai batir a bakin tanki, shi ke buɗe ruwa ƙarfe shida da kansa. Ko wata shida babu kowa a gidan, lambun nan ba zai sani ba."

Inna ta dafa ƙyaure. Ta kama abu ɗaya da ya rage mata.

"To... takin da kuka zuba fa? Warinsa ya hana mu sakat."

"Taki kuma?" Ya dubi katangar, murmushin ya bar fuskarsa. "Inna, irin waɗannan tsirran ba sa son taki. Ko cokali ɗaya ba mu zuba ba."