Kofin Baƙo

Shekarar da mijin Agafya ya rasu ta shiga aikin dashen itatuwa a jihar Oregon ta Amurka. Wendell, mai kula da ma'aikata, ya rubuta mata sunayen zarto, gungume da saiwa da Turanci, ita kuma ta koya masa na Rashanci, harshenta.

Yau ya zo neman aurenta. Ta zuba masa shayi a kofin da ake ware wa wanda ba ɗan cocinsu ba.

"Haba Agafya, har yau ni baƙo ne?"

Ta sunkuyar da kai. "In na aure ka, 'yan cocinmu ba za su binne ni kusa da kabarin ɗiyata ba."

Ya tashi bai kurɓa ba. Tana wanke kofin daban ta tuna roƙonsa na bara: "Ranar da na haddace kalmominku, ki ba ni ruwa a kofinki."