Farantan Sola na Haya

Likita bai yi wa Miriam kwana-kwana ba. Ya ce ƙirjin mijinta Elisha ya sha ƙurar masana'anta a Kudenda har ya ƙoshi. In tana son ya ci fanshonsa da bakinsa, to ta nema masa gidan da ba hayaƙi.

Haka ta faɗa hannun Injiniya Benson, mai wani sabon bene a Mahuta. A bakin ƙofa an kafa allon ƙarfe mai sheƙi, wai masu duba gine-gine sun zo sun auna, sun ba gidan shaidar cewa yana kiyaye muhalli da lafiyar mazaunansa. Rufin kuwa cike da farantan sola.

"Madam, kin rabu da janareta," in ji Injiniya. "Rana ce za ta riƙa ba ki sanyi."

Miriam ta shafa tagar falo. Gilashi ne guda, ba marfi ba ƙugiya. "To wannan ta ina ake buɗe ta?"

"Ba a buɗewa, kada sanyin na'ura ya tsere. Ilimi ke nan, Madam."

Elisha ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Maman Debby, kin ga ikon Allah? Mun girma da fitilar aci-balbal, yau za mu kwana a cikin ilimi."

Ba su gama kwance kayansu ba wata babbar mota ta tsaya a ƙofa. Ƙarti suka hau rufi suka kwance farantan kaf. Friday, mai kula da gidan, ya ce gyara za a kai su. Gyaran bai ƙare ba har ranar da Miriam ta bi ta Unguwar Boro, ta ga wani sabon benen Injiniya, rufinsa na ƙyalli, ana kafa rumfuna a gabansa. Da ta dawo ta ritsa Friday.

"Mama, don Allah kada ki ce ni na faɗa. Haya ake ɗauko su, kamar kujerun biki. Masu dubawa su zo su ɗauki hoto, su sha farfesu, su sa hannu. In sun tafi, a kwance a kai gaba."

"Ba sa dawowa su gani?"

"Su dawo su yi me? Ai farfesun ya ƙare."

Sai zafin Maris ya sauka. Wutar lantarki ta koma baƙuwa, in ta leƙo da safe ba a sake ganinta. Gidan ya zama tanda. Kowane ɗan haya ya sayo janareta, kuma saboda tsoron ɓarayi aka jera su a ƙarƙashin matakala. Hayaƙi ya riƙa hawa bene yana shiga ɗaki ɗaki, ya rasa ta inda zai fita.

Elisha ya daina barkwanci. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto.

Miriam ta kira Injiniya. "Ko taga ɗaya ka bari mu fasa. Mijina ba ya iya numfashi."

"Kada ki kuskura! In kika taɓa gilashin nan, kin ɓata tsarin da aka ba wa shaida."

Ta kira lambar da ke jikin allon. Wata murya mai ladabi ta tabbatar mata cewa gidan ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ta kuma taya ta murna.

Ta fara neman wani gidan, amma neman gida a Kaduna ba aikin yini ɗaya ba ne. Wata Lahadi bayan sujada ta tsaya taron Zumuntar Mata, ta bar Elisha a kwance. Tun safe ba wuta, janareta duk suna ruri. Da ta dawo ta tarar da shi a ƙasa, gindin tagar falo, taɓarya a hannunsa. Gilashin ya tsage, bai fashe ba. A asibiti aka ce ai tun a gida ya cika.

Injiniya ya zo gaisuwa cikin farar shadda, da kiret ɗin lemo. "Sai haƙuri, Madam. Kwana ne ya ƙare."

Miriam ta miƙe. Ta kama hannun rigarsa a gaban fasto da mutane, ta ja shi cikin falon da hayaƙi ya cika, ta turo ƙofa. "Zauna nan, Injiniya. Zauna har a gama addu'a."

Ba a kai ƙarshen waƙar farko ba ya fito yana tari, hanci a cikin hankici. Ya ce yana da taro a cikin gari.

Jama'a, shaidar gini mai kiyaye muhalli abu ne mai amfani, amma fa in gaskiya ce. Kafin ku shiga gida, ku buɗe taga da hannunku, ku tambayi waɗanda suka riga ku zama a ciki, kuma kada ku kunna janareta inda iska ba ta fita. Mai ginin da ya yi ƙarya da mai dubawar da ya sa hannu ya juya baya, dukansu hannunsu na cikin jinin wanda ya mutu a ciki.