Mai Gyaran Talabijin Mai Tozo

Tun da ka ce sana'arka ba ta da ranar mutuwa, ɗan'uwa, gyara zama in ba ka misali. An yi wani mai gyaran talabijin a bakin kasuwar wani gari, zamanin da talabijin take da tozo a baya, sai ƙarti biyu sun kama kafin ta ɗagu. A baro ake turo masa su, an lulluɓe da zane kamar marar lafiya. Yakan jingina madubi a gaban gilashin, shi kuma ya zauna ta baya da ƙarfen liƙi da dalma, yana taɓa wayoyi yana duban madubin har hoton da ke rawa ya tsaya cak. Ya san inda wuta take maƙalewa a jikin kwalbar hoton da ke cikin talabijin ko bayan an zare soket, wutar da ta sha jefar da masu karambani ƙasa. Tun ana yayin mai baƙi da fari har aka koma mai kala, babu gidan mai hali a garin da bai shiga har falo ba. Ranar da za a buga ƙwallo, manyan mutane kan tsaya a rana bakin rumfarsa suna ba shi haƙuri. Da wannan aiki ya gina gida, ya aurar da 'ya'yansa. Sai ga talabijin ta bango ta shigo, siririya kamar faranti. Maƙwabcinsa a sana'a ya ce su je birni su koyi gyaranta, ya ƙi. Cewa ya yi abin da ba shi da nauyi ba ya ƙarko, mutane za su gaji su dawo. Saboda haka duk wanda zai yar da tsohuwar tasa, sai ya karɓa ya ajiye. Ya kwashi masu tozo na kwamfuta daga ofisoshin da aka sauya wa sababbi, ya cika rumfa, ya cika zaure, har ɗakin da baƙinsa suke sauka.

Mutane ba su dawo ba. Kayan gyara suka ɓace a kasuwa, idonsa ya fara hazo, masu gaishe shi daga nesa suka koma wucewa da kwalin sabuwar talabijin a bayan babur. Damina ta yi ta zuba ta rufin zauren, tsatsa ta ci na ƙasa, ɓeraye suka yi gida a na sama. Da abinci ya fara gagarar gidan, ya aika aka kira 'yan gwangwan. Suka duba tulin, suka ce su ba talabijin suke saye ba, jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalbar kawai suke so, kuma suna tsoron ta fashe musu a fuska. Babbansu ya miƙa masa guduma ya ce, "Baba, kai ka san makasarta. Fasa mana." Haka ya tsuguna a ƙofar gidansa, yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa wuyan a daidai inda ya sani, kowacce ta ja iska ta yi tsaki ta mutu. Ya yi ta fasawa har aka gama. Suka ɗaure wayar a buhu suka tafi, suka bar masa tsibin gilashi a bayan katanga wanda ko a kyauta ba mai ɗauka. Fankon akwatunan kuwa, matarsa ta zuba musu ƙaiƙayi, kaji suna ƙwai a ciki.

To ka ji. Ba lalaci ne ya kayar da shi ba, ba kuma rashin iyawa ba. Hausawa sun riga sun faɗa: duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.