Hannun Inna Kulu

Shekara tara ke nan da aka kulle makarantu, aka rataya wa kowane yaro allon gilashi a wuya, ta cikinsa yake ganin malami daga gida. Doka ta hana yara uku haɗuwa, shirwar ƙarfe kuma tana shawagi a sama tana ƙirga kawuna.

Inna Kulu mai koyar da kiɗan ƙwarya ta gaji da koya wa hotuna. Ran Laraba da hantsi ta tara 'yan mata biyar a zaurenta, ta kifa musu ƙore.

"Inna, in masu tsaro suka zo fa?" in ji Hajjo, babbarsu.

"Kiɗa ba ya shiga jiki ta gilashi, 'yata. Jingina da 'yar'uwarki, ku buga tare."

Ba su kai waƙa ta biyu ba masu tsaro suka banko ƙofa. Shugabansu ya tattake ƙoren, ya fizgo Hajjo ta gashi. Inna Kulu ta gantsara masa cizo a damtse har jini ya cika mata baki. Suka danne ta, suka shimfiɗa hannunta a dokin ƙofa, suka sauke masa gindin bindiga sau uku. Tana jin yatsunta suna karyewa.

"Sunayen iyayensu!" shugaban ya daka mata tsawa.

Sai ga matan unguwa sun toshe ƙofar, kowace da taɓarya. Uwar Hajjo ta matso gaba.

"Ba sai ta faɗa ba, ga mu. Kai faɗa mana sunan taka uwar, mu san inda za mu kai gawa."