Kujeru Biyu a Jirgin Laraba

A filin jirgin sama na Nausori, kowa sai ya hau sikeli kafin ya shiga jirgin tsibirai. Ba a tambayar mutum nauyinsa, an san ƙarya zai yi. Sekove ya hau da jakarsa a kafaɗa, allurar ta ɗan motsa, ya sauka.

Mahaifiyarsa ma an auna ta. Tana cikin akwatin gawa, an naɗe shi da tabarmin da ta saƙa da hannunta.

Jiya cewa aka yi ba za a ɗauke ta ba. Jirgin Laraba ƙarami ne, mai farfela biyu, kuma dole ya tashi da man dawowa a cikinsa, don babu inda zai sha a tsibirinsu. Filin saukar can ciyawa ce, gajere, ƙarshensa teku. In an yi ruwa, jirgi mai nauyi ba ya tsayawa inda ake so. Kujeru duk an sayar. Asibiti kuwa sun ce ba za su ajiye gawa har wani mako ba. Ke nan a birnin Suva za a binne ta, cikin baƙi, nesa da kabarin mijinta da ƙarar igiyar ruwa. Sekove ya durƙushe a bakin ofishin kamfanin jirgin ya yi kuka a gaban mutane.

Da safe aka kira shi aka ce an sami hali. Bai tambayi yadda aka yi ba.

Saura Nana Levu, yayar marigayiya, wadda ta yi jinyarta har ta rufe mata ido. Ita ba ta da kujera. Ta zauna a benci da baƙaƙen kayanta, ko wani zai fasa tafiya.

Sai ga Waisale. Ɗan tsibirinsu ne, amma birni ya cinye shi tuntuni, ba ya zuwa gida sai in akwai bikin da za a gan shi. Zanen da mazan can ke ɗaurawa, nasa ɗinkin tela ne, takalminsa na sheƙi, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Da ya hau sikeli allurar ta kwanta, yara suka ƙyalƙyale. Matarsa da 'yarsa sun biyo shi cikin ankon bikin da za a yi a tsibirin, amma ba su hau sikeli ba. Suka tsaya bayan shinge da akwatunansu, yarinyar na share hawaye da gefen rigarta.

Waisale ko waiwayar ta bai yi ba. Sekove ya ce a ransa, irinsu ke nan.

A cikin jirgi, kowa gwiwarsa na gugar bayan ta gabansa. Wata tsohuwa ta rungume kwandon burodi a cinya, wani ya soke saiwoyin yaƙona, waɗanda ake dakawa a jiƙa a sha, a ƙarƙashin ƙafa. Waisale kaɗai ya baje, da kujeru biyu babu kowa a layinsa.

Sekove ya miƙe ya tare mataimakiyar matuƙi, wata siririya mai suna Litiana, tana shirin rufe ƙofa.

“Yaya, ga wuri har biyu. Ga tsohuwa can a benci.”

“Jirgi ya cika.”

“Da me ya cika? Da iska?”

“Na wancan bawan Allah ne. Zauna ka ɗaura bel.”

Ya juya ga Waisale da kiran da ake yi wa masu sarauta. “Ratu, ranka ya daɗe, a sammana ɗaya mana. Ko tumbin ne aka yanka wa tikitinsa daban?”

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Waisale ya dubi ƙasa.

“Ba nawa ba ne yanzu da zan bayar, ɗana.”

Farfelu suka ɗauki juyi har suka ɓace wa ido. Ta taga Sekove ya ga Nana Levu ta taso ta kama shinge, iskar jirgi na kaɗa ɗankwalinta, kusa da yarinya mai anko.

Duk tsawon tafiyar bai ɗauke ido daga ƙeyar mutumin ba. Ninkin kitse a wuya, gumi yana bin su. Ga wuri har ya yi yawa, amma ko jakarsa bai ɗora a kujerun ba, ya ƙanƙame ta a ƙirji kamar za a ƙwace. Rowa ma iri-iri ce. A ƙasa teku ta shimfiɗe shuɗiya, irin shuɗin da mahaifiyarsa ke so, ita kuwa tana can baya cikin kaya, ba mai riƙe mata hannu.

An yi ruwa a tsibirin. Jirgin ya dira, ya yi ta jan ciyawa da laka, farfelu na ruri, sai da ya kusa shan ruwan teku sannan ya tsaya. Matan ƙauye na bakin fili cikin baƙi, sun fara waƙar coci a hankali.

Da aka buɗe ɗakin kaya, Waisale ya tuɓe takalminsa mai sheƙi, ya taka laka, ya miƙa hannu zai kama kusurwar akwatin. Sekove ya buge hannun.

“Kada ka taɓa ta. Wadda ya kamata ta raka ta tana can a benci saboda kai.”

Waisale ya ja da baya, ya tsaya da takalmi a hannu.

Litiana ta sauko da wani kwali ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba.

“Bar shi ya kama, ƙanena. Jiya yana bayanka a layi lokacin da kake kuka. Bayan ka tafi ya sa matarsa da 'yarsa suka hau sikeli da akwatunansu, ya tambaye mu ko nauyin ya isa.”

Ta nuna tagar jirgin da haɓa.

“Kujerun nan biyu ba fanko suka zo ba. Mahaifiyarka ce a kansu tun daga Nausori.”